Albasar Masar: Sharhi a Kan Gunaguni da Godiya

 

Yau zan taɓo wata ɗabi'a da ba a cika kai mutum gaban dattawan ikilisiya saboda ita ba. Wanda ya yi zina a sa shi a horo, wanda ya taɓa kuɗin baiko a kira shi a tuhume shi, amma mai gunaguni yana iya shekara talatin a bencin gaba, yana cin Jibin Ubangiji, babu mai ce masa kanzil. Me ya sa? Saboda dukanmu muna ciki. Ku tsaya ƙarƙashin bishiya bayan an tashi sujada ku kasa kunne. Wa'azi ya yi tsawo. Lasifika tana ƙara. Ƙungiyar mawaƙa sai sabbin waƙoƙi, sun watsar da na littafi. Ma'aji bai karanta rahoto ba. A koma gida, uwargida ta sha hayaƙi ta tuƙa tuwo ta kaɗa miya, maigida ya buɗe kwano, kafin ya wanke hannu ya ce, “Yau ma kuka?” Yara suna zaune suna ji, suna ɗauka.

Kada wani ya ce mai sharhin nan bai san halin da ake ciki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Akwai manoman da suka bar gonakinsu saboda tsoron 'yan bindiga. Akwai gwauraye da marayu a ikilisiyoyinmu waɗanda ba a ko ga gawar nasu ba balle a binne. Duk wanda zai yi maganar godiya a irin wannan lokaci, dole ya yi ta da kunya da taka-tsantsan. Amma dole a yi ta, domin a lokacin wahala ne gunaguni yake kafa gida a zuciya, kuma in ya kafu, ko wadata ta zo ba ya tashi.

Mu koma jeji tare da Isra'ilawa. A littafin Fitowa sura 15, sun ƙetare Bahar Maliya, sun ga rundunar Fir'auna ta nutse, Musa ya ja waƙa, Maryamu ta fito da mata suna kiɗa suna rawa. Kwana uku bayan wannan biki, suka isa Mara, suka tarar ruwan wurin da ɗaci, sai gunaguni. Kwana uku kacal! Ni ba na ganin laifinsu a kan jin ƙishi. Ƙishin jeji ba wasa ba ne, ga yara ga dabbobi. Abin lura shi ne saurin mantuwar. Wanda ya tsaga teku a idonsu, ba su ko yi tunanin zai iya gyara rijiya ba. Kuma zango na gaba shi ne Elim, inda akwai maɓuɓɓugai 12 da itatuwan dabino 70.

Wata ɗaya da barin Masar, yunwa ta taso, suka ce gara a ce sun mutu can kusa da tukwanen nama. Allah ya sauko musu da manna. Kowace safiya in raɓa ta ɗauke, sai a ga wani abu fari, ƙanana-ƙanana, ya rufe ƙasa. Kowa ya ɗebi mudunsa na yini. Wanda ya yi wayo ya ɓoye na gobe, ya wayi gari ya tarar da tsutsa da wari. Mutane su niƙa shi, ko su daka a turmi, su dafa a tukunya, su yi waina. Babu noma, babu taki, babu kuɗin niƙa.

To, ku zo mu ga abin da ya faru bayan shekara guda, a Littafin Ƙidaya sura 11. Nan ne zuciyar maganata. Wasu baƙi da suka biyo su daga Masar suka fara kwaɗayin nama, abin ya yaɗu, har kowane magidanci ya zauna a ƙofar tantinsa yana kuka. Suka shiga lissafa abin da suka baro: kifi, guna, albasa, tafarnuwa. Har suka ce wai kifin nan kyauta suke cinsa a Masar.

Kyauta? Jama'a, a wace Masar? Masar ɗin da aka hana su ciyawar haɗa tubali amma aka ce adadin tubalin kada ya ragu? Masar ɗin da aka yi wa shugabanninsu bulala a wurin aiki, aka ba da umarni a jefa jariransu maza a Kogin Nilu? Sun biya kuɗin kifin nan da bayansu da 'ya'yansu. Amma gunaguni ya zauna ya tace musu tarihi, ya cire bulala ya bar albasa. Ya kuma juyo kan yau, ya cire al'ajibi ya bar gundura, har abincin da ke saukowa daga sama ya zama abin da ido ya gaji da gani.

Wannan ne ya sa nake cewa mai gunaguni ba mai faɗin gaskiya ba ne kamar yadda yake ɗaukar kansa. Za ka ji ya ce, “Ni dai ba na munafunci, abin da na gani nake faɗa.” Rabi yake faɗa. Matar da ya ce ba ta iya komai ba, ita ta yi jinyarsa wata biyu. Faston da ya ce ba ya ziyara, shi ya kwana da su a asibiti. Aikin da yake zagi kullum, ya taɓa yin azumi a kansa kafin ya samu. Sai ka ji ana “zamanin da, zamanin da,” alhali a zamanin da ɗin ma kuka yake yi.

Ga gunaguni kuma da yaɗuwa. A Littafin Ƙidaya sura 11 ɗin nan, kukan jama'a ya ishi Musa har ya roƙi Allah ya ɗauki ransa ya huta. Mutumin da ya tsaya gaban Fir'auna bai girgiza ba, ƙunƙunin mutanensa ya durƙusar da shi. Ku tuna da wannan in kuna mamakin yadda shugabanni masu kirki suke ajiye aiki a ikilisiya, ko yadda mace mai fara'a take komawa shiru-shiru a gidan aurenta. Daga baya aka aiki mutum 12 leƙen asirin Kan'ana. Kwana 40 suka yi, ƙasa ɗaya suka gani, inabi ɗaya suka ɗauko. Goma suka dawo da labarin ƙatti, Joshuwa da Kalibu suka dawo da labarin alkawari. Jama'a suka bi goman, suka kwana suna kuka, har suka fara shawarar naɗa wanda zai mai da su Masar. Sakamakon kun san shi: shekara 40 a jeji, duk mai shekara 20 zuwa sama bai shiga ƙasar ba sai waɗannan biyu.

Yanzu wani zai ce, “To malam, mu yi shiru ke nan? A cuce mu mu ce mun gode?” A'a. Kuma a nan nake son shugabanni su matso kusa da rediyo.

A cikin wannan Littafin Ƙidaya, sura 27, akwai 'yan mata biyar, 'ya'yan wani mutum mai suna Zelofehad. Mahaifinsu ya rasu bai bar ɗa namiji ba, kuma bisa tsarin lokacin gādonsa zai salwanta, sunansa ya ɓace. Suna da ƙorafi, ƙorafi mai nauyi. Ba su zauna a ƙofar tantinsu suna zuga maƙwabta ba. Suka tashi suka je ƙofar alfarwa ta sujada, suka tsaya gaban Musa da Ele'azara firist da shugabanni, suka faɗi abin da ke damunsu da abin da suke so a yi. Musa ya kai maganar gaban Allah, Allah ya ce 'yan matan nan suna da gaskiya. Aka ba su gādo, aka kuma mai da abin doka domin na baya. Littafi ɗaya, jeji ɗaya, jama'a ɗaya. Waɗancan sun yi kuka a ƙofar da ba mai iya yi musu komai, waɗannan suka kai nasu ƙofar da ake yanke hukunci.

Haka ma a Ayyukan Manzanni sura 6. Yahudawa masu jin Helenanci suka fara ƙunƙuni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon abinci na kullum. Da maganar ta kai kunnen manzanni, ba su hau mumbari sun yi wa'azi a kan rashin godiya ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai su riƙe rabon, cikinsu har da Istifanas da Filibus, kuma duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su, wato ga alama daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗebo su.

Saboda haka mai makarantar da ya riƙe albashin malamai wata uku, sannan ya tara su ya ce su koyi godiya, ya ji tsoron Allah. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce hakkin ma'aikacin da aka danne yana da murya, kuma tana kaiwa sama. Maigidan da ba ya ba da kuɗin cefane, in an yi magana ya ce mace ta cika mita, shi ma ya ji. Ba a ba mu koyarwar godiya don mu toshe bakin wanda muka zalunta ba.

Ga kuma ƙofa mafi girma, wato Allah kansa. Cikin zabura 150, da yawa kuka ne zalla. Dawuda ya tambayi Allah har yaushe zai manta da shi. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare a duhu, babu ko ɗan haske a ƙarshenta, kuma an bar ta a Littafi. Ayuba ya yi maganganun da in wani ya yi su a taron addu'a yau za a ce ya ja da baya, amma a ƙarshe abokansa masu wa'azi ne Allah ya tsawata wa. Dawuda da Ayuba, da Allah suke magana, fuska da fuska. Mai gunaguni kuwa maganar Allah yake yi a bayan idonsa, kamar wanda ya riga ya yanke cewa ba alheri ake nufinsa da shi ba. In kana son ka gwada kanka, tambaya ɗaya ta isa: wannan maganar da nake maimaitawa, na taɓa kai ta ga wanda zai iya gyarawa? Kuma in aka gyara, zan ji daɗi, ko zan ji kamar an ƙwace mini abin hira?

To yaya ake fita? Wasu suna ɗaura niyya su ce daga yau sun daina. Ba ya daɗewa. Baki ya saba, kuma in ka hana shi abin da ya saba ba ka ba shi wani ba, zai koma. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Filibiyawa, wadda ya rubuta yana tsare, ya gargaɗe su a kan gunaguni da gardama, amma da ya zo kan kansa sai ya ce zama da wadar zuci koyonsa ya yi, a ƙoshi da yunwa, a samu da rashi. Abin da aka koya kuwa, kowa yana iya koyonsa. Ba halitta ba ce da za ka ce ni ba a yi ni da ita ba.

Mutanen Filibi sun san ba cika baki yake yi ba, don a garinsu aka tuɓe shi da Sila, aka yi musu dūka da sanduna, aka jefa su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare, bayansu na zub da jini, suna addu'a suna waƙar yabo, sauran fursunoni suna ji. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne abin da ya faru da safe. Mahukunta suka aiko a sake su a asirce. Bulus ya ce sam. An doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali su 'yan ƙasar Roma ne, don haka mahukuntan su zo da ƙafarsu su fitar da su. Suka zo, suka ba da haƙuri. Mutum ɗaya, cikin dare ɗaya da safiya ɗaya, ya yi yabo ya kuma nemi hakkinsa. Ni a ganina yabon daren ne ya ba shi natsuwar yin maganar safe ba tare da zagi ba.

Akwai wani labari daga Yaƙin Duniya na Biyu. Corrie ten Boom da yayarta Betsie, Kiristoci 'yan ƙasar Holan, an kama su a 1944 saboda suna ɓoye Yahudawa a gidansu da ke Haarlem. Aka kai su sansanin mata na Ravensbrück a Jamus. Ɗakin da aka zuba su ya cika maƙil, ga ƙuma ko'ina a shimfiɗa. Corrie ta ba da labari a littafinta cewa Betsie ta nace sai sun gode wa Allah a kan komai na ɗakin, har da ƙumar, ita kuwa ta ga wannan ya wuce hankali. Daga baya suka gane cewa saboda ƙumar ne masu gadi ba sa shiga ɗakin, shi ya sa suke samun damar karanta Littafi Mai Tsarki da sauran mata ba mai hana su. Labari ne mai daɗi, amma ina jin tsoron yadda muke ba da shi, kamar kowace ƙuma sai an nuna mana amfaninta kafin mu mutu. Betsie ba ta fita daga sansanin ba, can ta rasu a watan Disamba na shekarar. Ta yi godiyarta tun ba ta san amfanin ƙumar ba, kuma da ba ta taɓa sani ba ma, godiyar ba ta tashi a banza ba. Haka ma Annabi Habakuk, wanda ya buɗe littafinsa da tuhumar Allah a kan zalunci, ya rufe shi da lissafin manomi: ɓaure bai yi toho ba, inabi bai yi 'ya'ya ba, gona ba ta ba da komai ba, garke ya watse, turke babu saniya. Ya ƙirga asarar ɗaya bayan ɗaya bai rage ko guda ba, sannan ya ce duk da haka zai yi murna da Allah mai cetonsa. Manomin da ruwa ya ɗauke masa ana tsakiyar fitar da kai ya fi ni fahimtar nauyin wannan magana.

Abin da zan ba da shawara a kai ba sabo ba ne. Tun da cutar ta mantuwa ce, maganinta tunawa ce da gangan. Allah ya sa aka ɗebi mudu guda na manna aka ajiye a tulu domin jikoki su gani. Sama'ila ya kafa dutse bayan nasara a kan Filistiyawa don kada a manta. Mu ma muna da namu: ranar godiyar kaka, lokacin da Zumuntar Mata suke shigowa da rawa, wata da damin dawa a ka, wata da doya, wata da kaza a hammata tana fisge-fisge, yara suna dariya. Ranar tana da kyau, sai dai sau ɗaya ce a shekara, gunaguni kuwa kullum yake cin abinci.

Masu binciken halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. A 2003 wasu malamai biyu a Amurka, Robert Emmons da Michael McCullough, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun raba ɗalibai rukuni-rukuni, wasu su riƙa rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu su rubuta abubuwa biyar da suka ɓata musu rai, har mako goma. Masu rubuta godiya suka fi jin daɗin rayuwarsu, suka fi kyautata zato ga mako mai zuwa, suka kuma rage kukan ciwon jiki. Ba na kawo wannan don in ce kimiyya ce ta tabbatar da Littafi. Kuma wanda baƙin ciki ya danne shi har ba ya iya barci ko cin abinci, a kai shi asibiti, kada a ce masa rashin godiya ne. Abin da ya ja hankalina shi ne, rukunin masu lissafa ɓacin rai, aikin da aka ba su shi ne wanda yawancinmu muke yi kullum ba wanda ya sa mu.

Sai dai godiyar ta zama mai suna. “Mun gode Allah domin komai” ba ta da wuya, har mai gunaguni yana faɗinta a gaisuwa. A addu'ar dare, kowa a gidan ya ambaci abu guda na wannan yini: zazzaɓin auta ya sauka, maƙwabci ya ara mana jarka biyu na ruwa, mota ta lalace amma a cikin gari ta lalace ba a daji ba. Ranar farko yara za su yi ta dariya, maigida ma zai ji nauyi. A ci gaba. In kuma hira ta juya ta zama ta gunaguni, ko a majalisa ko a zauren WhatsApp, ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba. Ka ce kawai, “To wa za mu je mu gaya wa?” In maganar ta gaskiya ce, za a sami masu rakiya. In ta shan iska ce, za ka ga an canza zance.

Sannan godiyar ta isa ga mutane. A Luka sura 17, kutare goma suka roƙi Yesu, ya aike su wurin firistoci, suna cikin tafiya suka warke. Ina da yaƙinin duka goman sun ji daɗi a ransu. Wa zai warke daga kuturta bai ji daɗi ba? Amma ɗaya ne ya juyo, ya faɗi a gabansa ya furta, shi ma Basamariye ne, baƙo. Yesu ya tambayi inda tara suke. Hausawa suka ce yaba kyauta tukuici. Akwai matar da take share majami'arku kowace Asabar, wataƙila ba ka san sunanta ba. Akwai malamin firamaren da ya koya maka karatu, yana nan da rai, fanshonsa ba ya isarsa. Akwai kawun da ya biya maka kuɗin jarrabawa, wanda tun da ka sami aiki ba ka taka gidansa ba. Akwai wadda ta tuƙa tuwon daren jiya. Waya tana hannunka, wasunsu ma tafiyar ƙafa ce tsakaninku.

Lokaci ya ƙwace mana, masu sauraro. A mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu ɗauki misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu sura 20, waɗanda aka biya su dinarin da aka yi alkawari cif, ba su ga aibinsa ba sai da suka leƙa tafin hannun na kusa da su. Kafin nan, ku karanta surar ku zo da tambayoyinku.